Yadda Ake Riƙe Aminci ga Allah, Ana Girma Cikin Zumunci da Shi Kowace Rana

Kiristoci da yawa sun san wannan hali. An fito daga taron farkawa, ko an ji wa'azin da ya ratsa zuciya, sai mutum ya ɗauki alkawari cewa daga yau zai riƙa tashi da asuba, zai karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, zai bar kaza ya bar kaza. Kafin wata ya ƙare Littafin ya koma inda yake ajiye, addu'a ta koma 'yar gajeriyar nan ta bakin cin abinci, kunya kuma ta zo ta zauna. Sau da yawa mutumin nan yana ƙaunar Allah da gaske. Abin da ya faru shi ne ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, bai ware lokaci ba, bai kuma shirya abin da zai yi ranar da ya kasa ba.

Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce da ma'aikaci da ɗalibi da uwa mai goyo da tsoho za su iya bi. Ina cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, da ke ma nake. Kada a ɗauke ta a matsayin doka, domin Littafi Mai Tsarki bai ƙayyade minti nawa za a yi ana addu'a ba. Tsari ne na taimako, kana iya gyara shi ya dace da rayuwarka.

Mataki na farko: ka tabbatar da inda kake tsaye

Akwai abu ɗaya da in bai zauna a zuciya ba, sauran duka za su zame maka nauyi: amincin Allah ya riga naka. Bulus ya rubuta a Romawa 5:8 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. A Afisawa 2:8-10 ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba don ayyukanmu ba, sa'an nan ya ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ka lura da jerin: ceto ne a gaba, ayyuka na biye. Wanda ya juya jerin nan zai riƙa ibada kamar mai biyan bashi. In ya yi karatu da safe sai ya ji yau Allah na sonsa, in bai yi ba sai ya ji an juya masa baya. Ba wanda ke daɗewa a kan wannan turba lafiya. Ko dai ya gaji ya bari, ko ya kumbura ya fara auna wasu.

A Yohanna 15 Yesu ya kira kansa itacen inabi, mu kuma rassa, ya ce in ba tare da shi ba, ba abin da za mu iya. Umarnin da ya yi ta maimaitawa a wurin shi ne a zauna a cikinsa, 'ya'ya kuwa bayan zaman suke zuwa. Saboda haka aikin wannan mataki kaɗan ne. Ka zauna ka karanta Yohanna 15:1-11 a hankali, ka gaya wa Ubangiji da bakinka cewa kana so ka san shi, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya taimake ka. In kuwa ba ka taɓa miƙa ranka ga Almasihu ba, ko ba ka tabbata ba, to nan ne mafari. Ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya ku yi magana, kada ka tsallake.

Mataki na biyu: ka yanke lokaci da wuri

"Zan yi in na sami dama" magana ce da ba ta taɓa haifar da kome ba, don damar ba ta zuwa da kanta. Ka zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ka faɗa wa kanka a fili: ƙarfe kaza, a wuri kaza. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, alhali daren jiya duk gari ya taru a ƙofar gida yana ta warkar da marasa lafiya. Daniyel kuwa, da aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, ya hau ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana, kuma Daniyel 6:10 ya ce haka ya saba yi tun da. Sabon da ya riƙe shi ranar tsanani, tun lokacin kwanciyar hankali ya gina shi.

Safiya ta fi dacewa da yawancin mutane, domin kai bai cika da hidimomin yini ba. Amma mai aikin dare, ko uwar da jariri ya hana ta barci, su zaɓi lokacin da hankalinsu ya fi zama wuri ɗaya, ko da tsakar rana ne. Ka fara da minti 15. Na san wani zai ce ya yi kaɗan, amma minti 15 da aka riƙe wata shida ya fi awa biyu da aka yi kwana huɗu aka watsar. Sannu ba ta hana zuwa. In yunwar ta ƙaru, lokacin zai ƙaru da kansa.

Shirin safe tun dare ake yinsa. Ka ajiye Littafinka da littafin rubutu da biro a wurin da ka zaɓa. Ka kwanta da wuri, don wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya, ya riga ya sayar da asubarsa. In a waya kake karanta Littafi Mai Tsarki, ka kashe data kafin ka buɗe, in ba haka ba saƙo ɗaya zai ɗauke ka, ka farga lokacin ya wuce. In gidan a cike yake ba ɗakin da za ka keɓe, kusurwa ɗaya ta isa, ka kuma gaya wa mutanen gida abin da kake yi don su bar ka.

Me ya sa kullum? A Fitowa 16 Allah ya ba Isra'ilawa manna a jeji, ya ce kowa ya tara na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye don gobe suka tarar ta yi tsutsa tana wari, sai dai a rana ta shida da aka umarce su su tara ninki biyu saboda Asabar. Ya koya musu dogara ne ta kowace safiya, kuma har yanzu wa'azin Lahadi ba ya ɗaukar mutum har Lahadi mai zuwa.

Mataki na uku: karatun Maganar Allah

Nan ne zan fi daɗewa, don nan aka fi yin tuntuɓe.

Littafi Mai Tsarki da yawancin ikkilisiyoyin Furotesta ke amfani da shi na da littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo, surori 1,189 gaba ɗaya. Na Katolika yana da littattafai 73. Sabon mai karatu yakan fara daga Farawa da niyyar miƙewa har ƙarshe, ya ji daɗin labarin Ibrahim da Yusufu da Musa, sai ya iso Littafin Firistoci da dokokin hadayu ya tsaya cik. Shawarata ita ce ka fara da Markus, mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, surori 16 kacal, labari na tafiya da sauri. Daga nan Yohanna, sai Ayyukan Manzanni, sai gajerun wasiƙu irin su Filibiyawa da Yakubu da 1 Yohanna, kafin ka shiga Romawa. Ka haɗa da Zabura ɗaya kowace rana.

Ga wani lissafi mai amfani. Sabon Alkawari na da surori 260. In ka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 52 ka gama shi daidai, ga kuma kwana biyu kowane mako na cike giɓi ko komawa kan abin da ya taɓa ka. A shekara ta biyu, in kana so ka ratsa Littafin duka, sura uku zuwa huɗu a rana za su kai ka. Ka karanta da harshen da ka fi ganewa, wanda kake tunani da shi, ko da wani harshen ne ake ɗauka ya fi burgewa.

Yadda za ka yi zaman kansa kuwa, ka fara da gajeriyar addu'a irin ta Zabura 119:18, inda mai zabura ya roƙi Allah ya buɗe masa ido ya ga abubuwan banmamaki cikin shari'arsa. Ka karanta wurin sau biyu, na biyun da murya in da hali. Sa'an nan ka yi wa nassin tambaya uku, ka rubuta amsa ko layi ɗaya ɗaya ne. Me wurin ya ce, wato wa ke magana, da wa yake, me ya faru kafin nan? Me ya nuna mini game da Allah? Me zan yi yau saboda shi?

Bari mu gwada da Markus 4:35-41. Yesu ya ce wa almajirai su haye zuwa wancan ƙetaren. Hadiri ya taso, ruwa na cika jirgi, shi kuwa yana barci a kan matashi a ƙarshen jirgin. Suka tashe shi suna tambayarsa ko bai damu ba suna hallaka. Ya tsawata wa iska, teku ta kwanta, ya tambaye su don me suke tsoro. Amsar tambaya ta farko ke nan, kuma in ka kula za ka ga shi ne ya ce a haye, wato biyayya ce ta kai su cikin hadirin. Amsar ta biyu: yana da iko a kan abin da ya fi ƙarfin ƙwararrun masunta, kuma shirunsa bai nuna rashin kula ba. Ta uku kuwa dole ta sauko ƙasa. "Zan ƙara dogara ga Allah" ba ta isa ba, don ba wanda zai iya sanin ko ka yi. Ka rubuta abu kamar haka: "Maganar sakamakon asibitin nan da ke hana ni barci, yau zan kai ta gaban Ubangiji da sunanta, kuma zan daina cewa a zuciyata ya manta da ni."

Ka kiyayi tsinko aya ɗaya daga mazauninta. Lambobin surori da ayoyi ba tare da rubutun asali suka zo ba. Rabon surori da muke bi ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Kantabari, a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Suna taimaka wa nema, amma Bulus wasiƙa ya rubuta, a dunƙule kuma aka karanta wa ikkilisiya ita. Ɗauki Filibiyawa 4:13, inda ya ce yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi. Mutane sukan riƙe ta a matsayin alkawarin nasara a duk abin da suka sa gaba. Ka koma aya ta 11 da ta 12 ka gani: mutum ne a ɗaure yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Ayar ta fi ƙarfi ma in an bar ta a wurinta.

In ka gamu da wuri mai wuya, ka sa alama ka ci gaba, ka kai tambayar wurin wanda ya fi ka sani. Bitrus kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16). Ƙananan littattafan ibadar kullum da wa'azin rediyo da na intanet suna da amfaninsu, amma kada su maye gurbin Littafin kansa. Mutanen Biriya an yabe su a Ayyukan Manzanni 17:11 domin kowace rana suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an bincika maganar Bulus, ba mai wa'azin da ya fi ƙarfin a bincika tasa.

Sai haddacewa: aya ɗaya a mako. Ka rubuta ta a 'yar takarda, ka maimaita a hanya, da lokacin jira, da kafin barci. A shekara ka tara 52. Da Shaiɗan ya gwada Yesu a jeji, sau uku ya amsa masa, duka ukun daga Maimaitawar Shari'a, kuma daga ka ya kawo su.

Mataki na huɗu: addu'a

Hanya mafi sauƙi ta fara addu'a ita ce ka amsa abin da ka karanta. Allah ya yi magana, kai kuma ka mayar. Wannan kaɗai yakan raba mutum da maimaita jimloli guda biyar ɗin nan da ya saba kullum.

Bayan haka ka bi tsarin da Yesu ya bayar a Matiyu 6:9-13, kana tsayawa a kowace gaɓa kana cika ta da naka kalmomin. Ka fara da Uba, ka tuna wa kake gabansa. A tsarkake sunansa: ka yabe shi saboda wani hali nasa da ka gani a karatun yau. Mulkinsa da nufinsa: ka kawo shawarwarin da ke gabanka, da ikkilisiya, da masu mulki, da waɗanda ba su san Almasihu ba. Sai abincin yini, inda bukatun jiki da na aiki da na iyali ke shiga, kada kuma ka ji kunyar roƙon ƙaramin abu. Sai gafara, wadda ka roƙa da wadda za ka bayar. Sai tsari daga gwaji da Mugun. Abin lura shi ne rabin farko duka a kan Allah yake kafin a zo kan bukatunmu, mu kuwa mun saba farawa daga ƙarshe. Yesu ya kuma gargaɗe mu a aya ta 7 kada mu zaci yawan surutu ne ke sa a ji mu.

Mutanen da kake yi wa addu'a, ka rubuta sunayensu ka raba su cikin kwanakin mako: iyali kullum, Litinin abokan aiki, Talata marasa lafiya, haka har mako ya zagayo. In ka ce wa wani "zan sa ka a addu'a", ka rubuta nan take, don alkawari ne ka ɗauka. Ka bar fili a gefen kowane roƙo inda za ka sa ranar da aka amsa da yadda aka amsa. Wata rana da zuciya ta yi sanyi, shafukan nan za su yi maka wa'azi.

Hankali zai gudu, wannan tabbas ne, kuma ba alamar rashin bangaskiya ba ce. Ka yi addu'a da murya ko da ƙasa-ƙasa. In wani aiki ya faɗo maka a rai, ka rubuta shi a gefe ka dawo. In barci ke ɗaukarka a durƙushe, ka tashi tsaye ko ka yi ta zagayawa. Ranar da kalmomi suka ƙare, ka buɗe Zabura ka mai da ita taka: 51 ta tuba, 23 da 121 na dogara, 103 ta godiya, 13 ta mai jiran da ya gaji. Romawa 8:26 ya ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke taimakonmu cikin rashin ƙarfinmu. Kafin ka tashi ka yi shiru minti ɗaya ko biyu.

Dole in faɗi wannan a fili: ba kowane roƙo ne ake amsawa yadda aka so ba. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Yesu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya rufe da cewa nufin Uba za a bi. Duk wanda ya koya maka cewa amsar "a'a" kullum shaidar ƙarancin bangaskiyarka ce, ya ɗora maka abin da Nassi bai ɗora ba.

Cikin yini kuma akwai gajerun addu'o'i na numfashi ɗaya. Nehemiya na tsaye gaban sarki, an tambaye shi abin da yake so, ya yi addu'a ga Allah na Sama kafin ya buɗe baki (Nehemiya 2:4). Ka saba da haka kafin ka amsa waya mai zafi, kafin ka shiga taro, kafin ka tsawata wa yaro. Azumi ma yana da wurinsa, a ɓoye ba don a gani ba, yadda Matiyu 6:16-18 ya koyar. Mai ciwo ko mai juna biyu su nemi shawarar likita tukuna.

Mataki na biyar: ka fita da shi waje

Yakubu 1:22-24 ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya duba fuskarsa a madubi, ya juya ya manta kamanninsa. Abin da ka rubuta a tambaya ta uku, ka yi shi kafin rana ta faɗi. In ka jinkirta biyayya, gobe karatun zai yi maka nauyi, domin zuciya ta san akwai saƙon jiya da ba a taɓa ba.

Yesu ya ce mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba, kuma a Luka 16:10-11 maganar dukiya yake yi. A nan ake gane aminci: ka rubuta ainihin abin da ka kashe a takardar ofis, ka yi aiki yadda ya kamata ko shugaba ba ya nan, ka biya bashi a ranar da ka ce ko ka je ka nemi uzuri da kanka, ka ƙi tura labarin da ba ka tabbatar ba, ka riƙe sirrin da aka ba ka, ka yi wa matarka ko mijinki magana a gida da irin muryar da ake ji a coci. Bayarwa ma a tsara ta. Bulus ya shawarci Korintiyawa kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya kuma ce a bayar da daɗin rai, ba don tilas ba.

Game da jaraba, ka san taka. Yawancin faɗuwa na da lokacinta da wurinta da abokin tafiyarta: dare in kana kaɗai, bayan faɗa, lokacin da aljihu ya bushe, hira da wani mutum takamaimai. Ka rubuta su, ka toshe hanyar tun daga nesa. Yusufu bai tsaya muhawara da matar maigidansa Fotifar da ta neme shi da lalata ba, ya bar rigarsa a hannunta ya gudu. 1 Korintiyawa 10:13 ya yi alkawarin mafita tare da kowane gwaji, sau da yawa kuwa mafitar ita ce ka ajiye wayar a wani ɗaki, ko ka tashi ka bar wurin.

Mataki na shida: minti biyar kafin barci

Ka waiwayi yinin a gaban Allah. Ka ambaci abu uku da kake godiya a kansu. Ka tambayi kanka ko ka yi abin da ka rubuta da safe. Sa'an nan ka furta zunubi da sunansa. "Ka gafarta mini dukan laifofina" ta fi sauƙin faɗa, amma "na yi ƙarya ga wane don in kare kaina" ita ce ke kai wa ga tuba. 1 Yohanna 1:9 ya ce in mun furta, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Ka karɓi wannan ka kwanta.

Ka koyi bambanta murya biyu. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna abu takamaimai, ya kira ka ka dawo. Shaiɗan, mai ƙarar mu, kuwa yakan ce kai duka ba ka da amfani, ya tura ka ka ɓuya. Wadda ke nisanta ka da addu'a, kada ka saurare ta.

In laifin ya shafi wani, furta wa Allah kaɗai bai rufe maganar ba. Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya da ɗan'uwanka tukuna. Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. In akwai abin mayarwa ka mayar, in akwai haƙurin bayarwa ka bayar gobe da safe, kada fushi ya kwana ya ƙara kwana.

Mataki na bakwai: kada ka yi tafiyar kai kaɗai

Masu bi na farko sun lazimci koyarwar manzanni da zumunci da gutsuttsura gurasa da addu'a (Ayyukan Manzanni 2:42), Ibraniyawa 10:25 kuma ya hana barin taruwa. Ka zama ɗan ikkilisiya guda inda aka san ka, inda za a lura in ba ka zo ba. Mai wa'azin da kake kallo a waya bai san sunanka ba, ba kuma zai zo gaishe ka ranar rashin lafiya ba. Ka ci Jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa, ka kama wata hidima ko ƙarama ce.

Bayan haka ka nemi mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ya girme ka a bangaskiya kuma bakinsa na da nauyi. Ku riƙa haɗuwa ko waya sau ɗaya a mako ko biyu. Ka ba shi izinin yi maka tambaya mai wuya, kai kuma ka yi alkawarin ba shi amsar gaskiya. In kana da iyali, gajeriyar sujadar gida ta 'yan ayoyi da waƙa ɗaya da addu'a ta fi doguwar da yara za su riƙa gudu.

Ranar da ka kasa, da lokacin da sama ta yi shiru

Za ka tsallake rana, wataƙila mako, wataƙila fiye. Abin da ka yi washegari shi ne ke raba wanda ya ci gaba da wanda ya bari. Kada ka ce sai ka rama surori goma da suka wuce ka. Ka buɗe daidai inda ka tsaya, ka yi na yau. Kada ka jira farkon wata ko sabuwar shekara, kada kuma ka jira sai ka ji ka cancanta. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, a Yohanna 21 kuwa Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikin kiwon tumaki. Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne, an rubuta shi ne a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta.

Wani lokaci kuma kana yin kome daidai amma ba ka jin kome. Ka fara duba ko akwai zunubin da kake riƙe da shi ko wanda ka ƙi yafewa. In babu, ka duba jikinka. Da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin Allah ya yi masa magana a Dutsen Horeb. Gajiya da yunwa da baƙin ciki suna dushe ji. In nauyin zuciya ya daɗe, ya hana ka ci da barci da aiki, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ka gaya wa fasto ka kuma ga likita ba da jinkiri ba. Yin haka ba ƙarancin bangaskiya ba ne. In kuwa ba wannan ba wancan, to ka ci gaba da zuwa. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, duk da haka addu'a ce, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa domin masu irin wannan rana.

Yadda za ka duba ko kana girma

Kada ka auna kullum. A Markus 4:26-29 manomi ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin na tsiro bai san ta yaya ba. Bayan kowane wata uku ka ware awa ɗaya, ka karanta littafin rubutunka daga baya, sa'an nan ka buɗe Galatiyawa 5:22-23 ka bi abubuwa taran nan ɗaya bayan ɗaya: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Yawan surorin da ka karanta ba ya cikin jerin. Ka tambayi kanka ko yanzu kana saurin neman gafara fiye da da, ko fushinka na saurin sauka, ko tazarar da ke tsakanin faɗuwarka da dawowarka ta ragu.

Sai ka tambayi wanda kuke zaune tare, mata ko miji ko abokin ɗaki, wane canji ya gani da kuma inda bai ga canji ba, ka saurara ba tare da ka kare kanka ba. Daga abin da ya fito ka zaɓi guda ɗaya, ka nemo ayoyi biyu ko uku da suka yi magana a kansa su zama haddarka ta makonni masu zuwa, ka kai wa abokin addu'arka shi a haɗuwarku ta gaba, ka kuma rubuta ranar da za ku sake dubawa.